Rage Filafili Tun Kana Bakin Gaɓa



'Yan'uwana masu karatu, yau zancen teku na zo muku da shi, ko da yake na san akasarinmu mutanen tudu ne, sanin da muka yi wa iska bai wuce guguwar farkon damina mai yaye kwanon rufi ba, sai kuma ta hunturu mai tsattsage leɓe. To amma akwai mutanen da iska ce ke tura abin hawansu, suna nemanta kamar yadda manomi ke neman ruwan sama, suna kuma tsoronta kamar yadda yake tsoron ambaliya. Irin waɗannan mutane sun cika gaɓar kudancin Ingila, inda kusan kowane garin bakin ruwa yake da kulob na masu ƙananan jiragen ruwa masu filafilai. Filafili, ga wanda bai sani ba, shi ne babban ƙyallen nan mai kusurwa uku da ake ɗagawa a jikin dogon sandan da ke tsakiyar jirgi, iska ta cika shi, jirgi ya tafi ba tare da an ƙona ko ɗigon mai ba.

Daga cikin al'adun waɗannan kulob-kulob akwai fitar ƙarshen mako. Ba gasa ba ce, ba a ba kowa kofi. Jirage goma ko ashirin ne za su tashi ran Asabar da safe, kowa ya kama hanyarsa zuwa wani gari da aka yi alkawari, a haɗu da yamma a ci abinci tare, a kwana cikin jirage, ran Lahadi a komo. Na sami shiga irin wannan fita a shekarun da na yi karatu a Southampton, ta hannun wani dattijo maƙwabcinmu mai jirgi, wanda 'ya'yansa suka girma suka watse, ya zamana kullum yana neman masu ja masa igiya. Wadda nake son ba ku labarinta ita ce wadda ba mu kai inda muka nufa ba.

Kafin nan, sai mai karatu ya san yadda mutanen teku ke auna iska. Suna da wani ma'auni da ya fara daga sifili ya tsaya a 12, wanda wani hafsan sojan ruwan Birtaniya mai suna Francis Beaufort ya tsara a 1805. Mataki na 3 da na 4 su ne abin so, jirgi na tafiya mutane na hira. Mataki na 6 iska ce mai gudun kilomita 39 zuwa 49 a awa, na 7 kuwa 50 zuwa 61, na 8 ya kama daga 62 zuwa 74, kuma daga nan ne ake fitar da gargaɗi a rediyo. Abin da lambobin ba su nunawa a fili shi ne, ƙarfin da iska ke bugun filafili da shi ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. Idan gudun ya ninka biyu, bugun ninka huɗu yake yi. Saboda haka tazarar da ke tsakanin mataki na 4 da na 7 ta fi ƙarfin yadda ido ke ganinta a takarda. Gidan rediyon BBC yana karanta hasashen yanayin teku kullum, yanki bayan yanki har yankuna 31, kuma namu sunansa Wight. Daren Juma'ar nan abin da aka karanta mana shi ne iska daga kudu maso yamma, mataki na 6 zuwa na 7, tana iya taɓa na 8 daga baya.

Garin da aka yi alkawari shi ne Yarmouth, a yammacin tsibirin Wight. Tsakanin tsibirin da babbar ƙasa akwai wani siririn teku da ake kira Solent, kuma daga kogin Hamble inda jiragenmu suke, sai an bi shi an nausa kudu maso yamma. Wato inda za mu, daga nan iskar take fitowa. Jirgi mai filafili ba ya iya tunkarar iska gaba da gaba, sai dai ya karkace mata, ya yi dama ya yi hagu, yana cin hanya kaɗan-kaɗan, tafiyar ta kusan ninkawa. Ga kuma wata matsalar: ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kuma idan yana janyewa a Solent yamma yake gudu. Wannan gudun taimako ne ga mai zuwa Yarmouth, amma idan ruwa ya nufi yamma iska kuma ta nufo gabas, sai su yi karo, igiyoyin ruwa su miƙe tsaye, gajeru masu tsini, suna bin juna kusa da kusa. Ba su da girman na babban teku, amma sun fi su wahalar da ƙaramin jirgi.

Da safe aka taru a zauren kulob. Mai shirya fitar ya karanta hasashen, ya ce teburin abinci yana nan a Yarmouth ƙarfe bakwai, sannan ya faɗi abin da ake faɗa a kowane taro irin wannan, cewa fita ko zama hukuncin mai jirgi ne shi kaɗai, kulob ba ya cewa kowa je ka, ba ya kuma cewa kada ka je. Wannan ƙa'ida ce tsohuwa a wurinsu, har cikin dokokin tseren jirage tana nan a rubuce. Nan take wasu suka ce su kam sun bar jiragensu a ɗaure, za su hau mota zuwa Lymington su shiga babban jirgin fito su same mu a can. Na zuba ido in ga ko wani zai yi murmushin raini, ko ya jefa wata kalma. Ban gani ba. Wata tsohuwa ma cewa ta yi a ajiye mata wuri a motar.

Mu biyar ne a namu jirgin, mai tsawon kimanin mita goma: dattijon, da wani abokinsa, da wani saurayi ma'aikacin banki da matarsa, sai ni. Tun muna ɗaure a bakin gaɓa, inda tsaunin kogi da itatuwa suka kare mu har ba a jin iskar sosai, dattijon ya sa muka rage babban filafili. Ana yin haka ne ta sauko da shi ƙasa kaɗan, a naɗe gindinsa a ɗaure, ya zama ƙarami. Filafilinsa yana da wuraren ragi uku, ya ce a kama na biyu. Saurayin nan ya dubi saman itatuwa ya ce, "Ba ma fara da ragi ɗaya ba, in ta ƙaru mu ƙara?" Dattijon ya ce, "Samari, a nan ragin minti biyar ne, ƙafarka a tsaye, hannunka a bushe. A can kuwa sai wani ya rarrafa zuwa gindin sanda, kuma ni ban ga wanda zan aika ba a cikinku. In mun fita mun tarar ba ta kai yadda aka ce ba, kwancewa ba wuya." Ya sa kowa ya ɗaura rigar ceto, ya nuna mana inda za mu maƙala igiyar da ke haɗa mutum da jirgi. Na karanta addu'ar hawa a zuciyata, muka kwance.

Muna gangarawa bakin kogin sai wani jirgi sabo fil na 'yan kulob ɗinmu ya wuce mu da filafilansa duka a sama, mutanen ciki suna ɗaga mana hannu. Gaskiya abin ya yi kyau a ido. Namu kuwa kamar tsohon da ya naɗe ƙafar wando zai tsallake kwata.

Da muka wuce Calshot muka fito fili, sai iskar ta same mu gaba ɗaya. Ba zan iya kwatanta muku ƙarar ba, sai dai in ce igiyoyin ƙarfen da ke riƙe da sanda kuka suke yi, kuma in mutum zai yi magana da na kusa da shi sai ya ɗaga murya. Jirgin ya kwanta gefe guda har ruwa yana lasar bakinsa, ya hau igiya ya faɗo da ƙarfi, ruwan gishiri mai sanyi ya watso mana a fuska, ya sake hawa. Duk da haka sitiyari yana amsawa, jirgin yana bin inda aka nufe shi. Dalili kuwa shi ne, a ƙarƙashin irin wannan jirgi akwai wani ƙarfe mai nauyin gaske da ke ja da shi ya miƙe duk lokacin da iska ta kwantar da shi, kuma muddin filafilin bai fi ƙarfin wannan nauyi ba, ana zaman lafiya. In ya fi ƙarfinsa, jirgi ya kwanta fiye da kima, allon da ke juya shi a ƙarƙashin ruwa ya rasa kamu, jirgin ya murɗe kansa ya fuskanci iska ko matuƙi ya so ko bai so ba. Abin mamaki a nan, mai cikakken filafili a irin wannan rana ba ya fin mai ragi sauri. Wahala kawai yake fin sa.

Haka muka tarar da sabon jirgin nan bayan kamar rabin awa. Yana kwanciya yana murɗewa, filafilin gabansa ya yage yana kaɗawa kamar tsumma a kan igiyar shanya, wani mutum yana rarrafe a kan bene da hannu ɗaya a jikin ƙarfe yana ƙoƙarin isa gindin sanda. Dattijon ya rage tafiya, muka zauna kusa da su har muka ga mutumin ya gama ya koma wurin zama lafiya, suka tayar da inji suka juya. Bai ce komai a kansu ba, a ranar ko bayanta.

Muka ci gaba da dama da hagu har muka kusa bakin kogin Beaulieu. A lokacin matar saurayin ta daina magana. Jiri ya kama ta, ta yi amai sau biyu, leɓenta ya canza, hannunta na rawa don sanyi. Da aka tambaye ta sai ta ce a ci gaba, ba ta son ta ɓata wa mutane tafiya. Dattijon ya dubi agogo, ya dubi sararin yamma, ya ce za mu juya mu shiga Cowes. Mijin ya ce ai ita da bakinta ta ce a tafi. Ni ma na tambaye shi ko jirgin ne ba zai iya ba. Ya ce jirgin zai iya kai mu har Faransa a haka. Ya ce abin da yake lissafawa daban ne: yanzu yana da mutum huɗu masu aiki da mara lafiya ɗaya, nan da awa guda mijin zai koma jinya, saura uku, ga shi gaba ruwan ƙara matsewa yake yana ƙara gudu, iskar da aka ce za ta ƙaru kuma ba ta riga ta ƙaru ba. A nan inda muke, Cowes tana bayanmu, iska za ta kai mu cikin sauƙi. In muka ƙara gaba, mafakar da za ta rage mana ba ta da yawa.

Muna juyawa duniya ta sauya. Jirgin ya miƙe, ƙarar ta lafa, ruwa ya daina watsowa, har rana muka ji a bayanmu. Iskar tana nan yadda take, mu ne muka bi ta, gudunmu ya ragu daga nata. Dattijon ya ce wannan sauƙin shi ke yaudarar mutane da yawa, su fita da iska a bayansu suna jin daɗi, sai sun juyo za su koma gida su gane abin da suke ciki tun ɗazu. Cikin ƙasa da awa muka shiga bakin kogin Medina muka ɗaure a Cowes. Aka ba matar shayi mai zafi da bargo, ni kuma na duba kamfas ɗin jirgi na sami kudu maso gabas, na yi sallolina a kan katakon mashiga.

A Cowes ɗin ne da dare zancen 1979 ya taso, domin daga wannan gari ake tashi tseren Fastnet, wanda aka fara a 1925 da jirage bakwai. Dattijon bai shiga na shekarar ba, amma duk wanda ya kai shekarunsa a wannan gaɓa ya san labarin, ni ma daga baya na bi shi na karanta. Ran Asabar 11 ga Agusta 1979 jirage 303 suka tashi, za su yi tafiyar mil 605 na teku, su kewaye wani dutse mai hasumiyar fitila a kudu maso yammacin Ireland, su komo Plymouth. Daren 13 wayewar 14 ga wata guguwa ta same su, ta kai mataki na 10, wato iska mai gudun kusan kilomita 90 zuwa 100 a awa. Gargaɗin cewa za ta kai haka ya zo ne da dare, lokacin da akasarin jiragen suke tsakiyar teku tsakanin Ingila da Ireland, babu tashar da za a gudu a fake. Ba su da na'urar nuna wuri ta tauraron ɗan'adam irin wadda ke cikin wayar kowa a yau, da yawa kuma ba su da rediyon kiran agaji. Fiye da jirage 70 ruwa ya kifar. Waɗanda suka kammala tseren ba su kai 90 ba, 194 suka janye, aka bar 24 a teku babu kowa ciki. Jiragen sama masu saukar ungulu da jiragen ceto da na soja da na 'yan kasuwa suka tsamo mutum 136. 'Yan tsere 15 suka rasu. Edward Heath, wanda ya yi firayim ministan Birtaniya daga 1970 zuwa 1974, yana ciki, allon juya jirginsa ya karye ya janye. Ted Turner na Amurka, wanda ya kafa CNN a 1980, shi ya yi nasara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarin shi ne na jirage 24 ɗin nan da aka gudu aka bari. Biyar kacal suka nutse. Sauran 19 an same su suna yawo a kan ruwa bayan guguwa ta wuce, aka jawo su tasha. Binciken da aka gudanar ya nuna cewa bakwai daga cikin mamatan sun rasu ne a sanadin kwale-kwalen roba na ceto, bayan sun bar jiragen da daga baya aka tarar ba su nutse ba. Ba na faɗin wannan don in zargi bayin Allah da suka kwana cikin duhu, jirgi na juyawa da su, ruwa har gwiwa, wasu da karaya. Wanda bai shiga ba ba shi da bakin magana. Amma tun daga lokacin masu koyar da tuƙi suke nanata wa ɗalibai cewa ba a shiga kwale-kwalen ceto sai jirgi ya yi ƙasa har sai mutum ya ɗaga ƙafa ya hau kwale-kwalen. An kuma tsaurara sharuɗɗan shiga tseren, aka wajabta rediyo da ƙananan filafilan guguwa, aka ce sai jirgi da mutanensa sun nuna sun taɓa yin doguwar tafiya.

A ganina mutumin da ya fita da cikakken filafili don kada a ce ya ji tsoro, da mutumin da ya yi tsalle ya bar jirgin da bai nutse ba, hukuncinsu duka ya fito ne daga abin da ke motsi a ƙirji, na farko kunya, na biyu firgita, kuma sau da yawa na farkon ne ke kai mutum ga na biyun. A bakin gaɓa dattijon yana da zaɓi huɗu ko biyar: ya zauna, ya bi mota, ya rage ɗaya, ya rage biyu, ya sauya gari. A bakin kogin Beaulieu saura biyu. Mutanen 1979 da tsakar dare ba su da ko ɗaya mai kyau, kuma ba laifinsu ba ne, labari ne bai iso su da wuri ba. Mu kuwa labari ya iso mana tun daren Juma'a.

Kunyar nan na san ta, kuma na san ku ma kun san ta, musamman mu matasa maza. Da wuya a sami abin da ke tura saurayi cikin haɗari kamar idon abokansa. Matar nan ma da ta ce a ci gaba, kunya ce ta yi magana da bakinta, shi ya sa dattijon bai karɓi amsarta ba. Abin da ya burge ni da mutanen wannan kulob shi ne sun cire wa janyewa abin kunya, sun mai da ita wani ɓangare na iya tuƙi. Ba wai sun fi kowa hali ba ne, ina jin gawawwakin da suka ƙirga ne suka koya musu. Har manyan ma sun koya: a 2007 masu shirya tseren Fastnet sun ɗaga tashi da awa 25 saboda hasashen iska, karo na farko a tarihin tseren, kuma bayan an tashi fiye da jirage 200 daga cikin 271 suka janye suka shiga tashoshin kudancin Ingila.

Daga cikin jiragen kulob ɗinmu, uku sun kai Yarmouth a ranar, manya ne masu gogaggun mutane, kuma sun kyauta. Da aka kira dattijon a waya daga teburin abinci, abin da aka tambaye shi shi ne jikin matar, sai kuma ko ya sami wurin ɗauri mai kyau. Cikin dare iskar ta kai matakin da aka yi gargaɗi, muna kwance muna jin ta tana kaɗa igiyoyi a jikin sanduna har asuba. Zuwa hantsin Lahadi ta faɗi ta koma mataki na 4, muka kwance ragin duka biyu muka ɗaga filafili har sama. Matar ce ta riƙe sitiyari daga Cowes har bakin Hamble.